Hancin Umma Bai Mutu Ba

Ummata ba ta da yafiya. In kuna neman labarin mace mai haƙuri da ta bar wa Allah komai, ku nemi wata, ba tawa ba. Tana sallah, tana kyauta, maƙwabci bai taɓa kwana da yunwa tana da abinci ba. Amma abin da yayanta ya yi mata ta riƙe shi shekara da shekaru, ba ta bari ya huce ba. Ni da na tashi a gabanta ban ga laifinta ba, kuma har yau ban gani ba.

Mahaifinsu mai haɗa turare ne. Shagonsa ɗaki biyu ne: na gaba mai kanta da gilashi, inda ake ciniki, sai na baya mai taga ɗaya, da dogon tebur, da ma'auni, da kwalabe ruwan ƙasa a jere har kusa da rufi. 'Ya'yansa biyu, kuma kamar da gangan aka raba musu baiwa. Kawu ya samu baki, Umma ta samu hanci. Kawu zai iya sayar wa mutum turaren da ya shigo yana kushewa, har mutumin ya fita yana godiya. Umma kuwa ka wuce ta sau ɗaya, za ta gaya maka sabulun da ka yi wanka da shi, da wanda aka wanke rigarka. Don haka tun tana budurwa ɗakin baya ya zama nata, har ta yi aure, har ta haife ni. A ƙarƙashin teburin nan na yi rarrafe.

Cikin kwalaben akwai wadda kakana yake kira Ɗan Ɓuya. Man bayolet ne. Bayolet wani ɗan ƙaramin fure ne shunayya, ƙanshinsa mai taushi, kamar hodar jarirai da ɗan zaƙi-zaƙi. Sai dai furen marowaci ne. Ka tara shi buhu-buhu, man da zai ba ka ba zai cika cokali ba, shi ya sa kusan babu mai ɓata lokacin tatsarsa. Abin da duniya ke shafawa da sunansa a masana'anta ake yin sa, ana ce masa ayonon. Daga ciyawar nan mai ƙanshin lemun tsami da ake jefawa a shayi ake ciro wani sinadari, a haɗa shi da irin ruwan da mata ke goge jan farce, a sarrafa, sai ga ƙanshin fure. Kakana bai taɓa ɓoye wannan ba. In mai saye ya tambaye shi, cewa yake, "Na inji ne, kuma mai kyau ne. In kana so in auna maka."

Sunan kuwa halinsa ne ya jawo masa. Ka shaƙa sau ɗaya, ya cika maka kai. Ka sake, ya ragu. Ka ƙara, sai ka rantse ruwa ne a kwalbar. Turaren yana nan inda yake, hancinka ne ya gaji da shi, kuma ba zai sake jin sa ba sai ka fita ka sha iska. Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin baya ya san haka. Dokar kakana ce ma: ba a ƙara Ɗan Ɓuya da hanci sai da ma'auni, kuma wanda ya wuni a kansa ba ya yanke hukunci sai ya tsaya a ƙofa tukuna. Kawu ya san dokar nan kamar yadda ya san hanyar gidansa.

Bayan rasuwar kakana ba a daɗe ba Kawu ya shigo ɗakin baya da sababbin takardun da ake manna wa kwalabe. An buga musu hoton fure, a ƙasa an rubuta "na asali". Umma ta karanta, ta mayar masa.

"Yaya, ba da hannuna ba."

"Ke wa ya ce ki yi ƙarya? Manna kawai za ki yi."

"Baba bai manna ba, ni ma ba zan manna ba."

Ya yi murmushi, ya kwashe takardunsa ya fita. Wannan murmushin ne ya kamata ya tsorata ta, amma Umma lokacin ta ɗauka jini ɗaya ba ya haƙa wa juna rami.

A daminar shekarar ta yi wata muguwar mura da zazzaɓi da suka kwantar da ita. Kafin ta miƙe, Kawu ya gama zagaye dangi. Ba ya zaginta, a'a, ai ya fi haka wayo. Tausayi yake nunawa. "Ƙanwata tun ciwon nan fa sai addu'a. Jiya ta zuba mini abin da ba shi ba. Kada ku gaya mata, za ta ji ciwo." Haka ya yi ta shuka maganar gida-gida har ta yi saiwa.

Ban ga abin da ya faru ranar da aka zauna kan shagon ba, ina ƙarama, amma na ji shi daga bakin mutane har na haddace. An kira Baffa, ƙanin kakana, da Kaka mahaifiyarsu, da wasu dattawa biyu na dangi, da mai gyaran agogo da ke jikin shagon, aminin kakana. Da safe Kawu ya ce wa Umma an yi odar man bayolet mai yawa, ta ɗura shi a ƙananan kwalabe kafin baƙi su iso. Ana ruwa ranar, shi da kansa ya ja mata taga ya rufe, wai kada feshi ya shigo. Ta wuni a ciki tana ɗurawa. Tana kan kwalbar ƙarshe ya leƙo ya ce dattawa na jiranta.

Ta fito tana goge hannu, ta tarar da fararen ƙyalle biyu a kan kanta.

"Ɗaya da turare, ɗaya babu komai," in ji Kawu, murya a sanyaye. "Kowa a nan ya shinshina ya gane. Nuna mana, a huta da surutun mutane."

Ta ɗauki na farko, babu komai. Ta ɗauki na biyu, babu komai. Nan take ta gane abin da aka yi mata.

"Baffa, ku ba ni ɗan lokaci in tsaya a ƙofa. Ɗan Ɓuya ne, na wuni a cikinsa."

Kawu ya juya wajen dattawa ya buɗe hannuwa. "Kun ji ko? Yarinyar da ke gane sabulun mutum daga tsallaken titi, yau sai ta nemi lokaci."

Su dattawan ba su san ɗakin baya ba. Abin da suka sani, ƙanshi na dukan hancinsu daga inda suke zaune, ga kuma mace ta kafa ƙyalle a fuska ta ce ba ta ji. Zuciya ta ɗebi Umma, ta nuna ɗaya. Ba shi ba ne. Baffa ya girgiza kai cikin tausayi, Kaka ta sa gefen mayafi ta share ido. Aka yanke cewa a hutar da ita, Kawu ya riƙe ɗakunan biyu. Ta yi bayani har muryarta ta dushe, suna ta ba ta haƙuri kamar mai jinya. Ta ce da zaginta suka yi da ya fi mata sauƙi.

Kafin wata ya zagayo, layin kasuwar gaba ɗaya Mataccen Hanci suke ce mata. Yara ma sun ɗauka. Ni kaina a makaranta 'yar Mataccen Hanci ce, kuma na fasa wa wata baki a kan haka, ban yi nadama ba.

Babana direba ne, abin da yake samu bai isa ba, dole Umma ta nemi aiki. Ku ji rashin kunya: Kawu ne ya samo mata. Babbar mai sayen kayansa wata mata ce mai ƙaramar masana'antar sabulu, kowa Mai Sabulu yake kiranta. Ya je ya roƙe ta ta taimaki ƙanwarsa. "Naɗe sabulu ai ba ya buƙatar hanci," in ji shi. Dangi suka yi ta sa masa albarka, wai ga ɗan'uwa mai zumunci.

Umma ta karɓi aikin. Ta zauna a kan benci tsakanin mata, gabanta tulin sabulu, gefenta tulin takarda, kowace an rubuta mata "da man furen bayolet na asali". Takardar da ta ƙi mannawa sau ɗaya, ita ta koma naɗewa daga safe har la'asar. Hannunta ya yi kanta, bayanta ya sunkuya, gashinta ya fara fari a kan bencin nan. Ba ta sake taka ƙofar shagon ubanta ba. In hanya ta bi da ita ta nan, sai ta tsallaka titi.

A gida ne kawai take buɗe baki. Ta dawo ta cire mayafi, ta zauna tana murza ƙafa, ta ce, "Yau kawunki ya yi ambaliya. Ya shaƙa bai ji ba ya ƙara, ya sake bai ji ba ya ƙara. Sabulun yau ko jaki aka wanke da shi sai ya yi atishawa." Wata rana ta ce, "Ya canza mai kawo masa kaya, wannan akwai ƙauri a ƙarshensa." Daga kan benci take karanta duk abin da ke faruwa a ɗakin da aka kore ta. Ina dariya, ita ba ta yi.

Da na girma na tambaye ta, "Umma, me ya hana ki tona shi? Kalma ɗaya fa za ki faɗa wa matar nan."

"Kakarki a gidansa take. Abincinta da maganinta daga shagon nan suke fitowa. In na rushe shi, a kanta zai faɗo."

"To kin haƙura kenan?"

Ta dube ni kamar na zage ta. "Wa ya gaya miki? Jira nake."

Kaka ta yi tsawon rai, Allah ya jiƙanta. Umma ta yi jinyarta, ta yi kuka na gaskiya ranar da ta rasu, don tana son uwarta duk da hawayen da ta share a ranar ƙyalle biyu. Da aka watse daga zaman makoki, ta koma aiki. Ba ta je bencinta ba, ofishin Mai Sabulu ta wuce.

"Uwar ɗakina, wata shawara ce in ba za ki ga na yi shisshigi ba. Kasuwarki ta buɗe, kayanki na zuwa nesa. Me zai hana ki yi odar man nan na asali da kanki, daga wurin masu yin sa, ki huta da ɗan tsakiya?"

Mai Sabulu 'yar kasuwa ce, ba a maimaita mata irin wannan magana. Ta sa aka tuntuɓi wani kamfani. Suka ce mata na fure ba su da shi, kuma da wuya ta samu mai shi. Bayolet na asali da ake samu daga ganyensa ake tatsa. Ta ce a turo. Aka kawo wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. Ta buɗe, ta ga abu kore shar, mai kauri. Ta shinshina: ciyawa da aka yanka yanzu, da kokwamba, da ƙasa bayan ruwa. Babu hoda, babu zaƙi, babu komai da ya yi kama da sabulunta. Ta ce an cuce ta, ta nemi wani kamfani a wata ƙasar daban. Amsa ɗaya, kwalba ɗaya, wari ɗaya. Sai ta aika a kira Umma.

"Kin san da wannan?"

"Ni Mataccen Hanci me na sani? Ki tambayi mai hanci."

Da hantsi suka je shagon Kawu, lokacin da layin ya fi cika. Mai Sabulu a gaba, Umma a baya riƙe da jakarta. Karo na farko kenan da ta taka ƙofar tun ranar ƙyalle biyu. Kawu ya yi tumbi, ya yi furfura, bakin nan dai na nan. Suka same shi yana ba wasu mata labarin gonakin bayolet da ya ziyarta, yadda ake tsinkar furen da asuba yana tsaye yana kallo. Mutumin da ko tashar mota ba ya zuwa sai rakiya.

Mai Sabulu ta riga ta ɓare takardar kwalbar. Ta ajiye a kan kanta. "Wani ne ya kawo mini talla. Duba mini wannan, kai ne masani."

Kawu ya gyara hula, ya ɗiga a takarda, ya kaɗa ta a iska yadda kakana yake yi, ya kai hanci. Sai ya tuntsire da dariya.

"Ranki ya daɗe, wa ya so ya kashe miki kasuwa? Wannan ai abincin akuya ne! Kokwamba aka matse miki a kwalba." Ya hango Umma, ya ƙara da cewa, "Ko ƙanwata ce ta zaɓo miki?"

Mutane suka yi dariya. Umma ba ta ko ƙifta ido ba.

"Ka tabbata ba ka taɓa jin sa ba?" in ji Mai Sabulu.

"Wallahi tun da nake ban taɓa jin ƙazanta irin wannan ba."

"To shi ne bayolet na asali. Ni na yi odarsa, ni na buɗe shi, daga wuri biyu. Duk wanda ya taka gonar da kake ba da labari, warin nan zai fara ji."

Kawu ya ajiye takardar. "Ai... ai wannan na ganye ne. Nawa na fure ne."

"Na tambaye su na furen. Sun ce galan ɗin da kake kai mini duk wata, in da na fure ne, da ba a layin nan kake zaune ba. To gaya mini, me nake rubuta wa mutane a jikin sabuluna shekarun nan?"

Kawu ya kama gyara kwalaben da ke kan kanta. Matan da yake ba labarin gona suka ajiye kwalaben da suka zaɓa. Mai gyaran agogo ya leƙo daga shagonsa da gilashi a ido ɗaya. Umma ta gaya mini daga baya cewa ta tsaya ta shaƙi ɗakin sosai, har ta jiyo an bar kwalbar sandal a buɗe a baya.

A bakin titi Mai Sabulu ta karɓi jakarta ta juyo. "Ke kuma kin sani tun ranar farko. Kin zauna kina naɗe mini ƙarya da hannunki, kina gaishe ni kullum. Kada ki dawo mini gobe."

"Kin yi gaskiya," in ji Umma. Ba ta roƙa ba. Ta shigo gida ba aiki, ba ko sisi, tana waƙa a ƙasan maƙoshi. Rabon da in ji waƙarta tun ina rarrafe.

Labari ya zagaye kasuwa kafin azahar. Masu saye suka janye, har waɗanda ba su taɓa sayen bayolet ba, don kowa ya fara tambayar kansa me kuma aka sayar masa. Haɗe-haɗen kakana da za su iya riƙe shagon, Kawu ya daɗe da lalata su. Kanta ta fara ƙura, mai ginin ya fara leƙe don kuɗin haya. Matar Kawu ce ta fara zuwa, ta yi kuka, Umma ta ba ta ruwa ta raka ta ƙofa. Daga baya shi ya zo da kansa, ya zauna a bakin tabarma kamar baƙo, ya ajiye makullin ɗakin baya a gabanta.

"Ki dawo. Shagon Baba zai mutu. Ba don ni ba."

Umma ta dubi makullin, ba ta taɓa shi ba. Na san yadda take son ɗakin nan, na ga yatsunta suna motsi a kan cinyarta.

"A ɓoye ka karɓe shi, Yaya?"

Ya kawar da kai, ita ta ci gaba.

"A gaban mutane ka karɓa, a gabansu za ka mayar. Ka tara waɗanda suka zauna ranar, ka gaya musu yadda ka yi. Odar da babu ita, da tagar, duka."

"Haba ƙanwata, yawancinsu sun rasu."

"Waɗanda suka rage sun ishe ni."

Biyu suka rage: mai gyaran agogo, da Baffa, wanda sai da aka ɗauko shi a mota aka zaunar da shi a kujera. Umma ta ce a shagon za a yi, da rana, ƙofa a buɗe. Layin kuwa ba sai an gayyace shi ba, mutane suka cika har bakin titi. Ina tsaye a bayanta.

Kawu ya tsaya a inda ya tsaya wancan karon. Ya sunkuyar da kai ya faɗa, murya can ƙasa: babu wata oda ranar, da gangan ya sa ta wuni a kan Ɗan Ɓuya, da gangan ya rufe taga, kuma ya san in an bar ta ta tsaya a ƙofa za ta gane. Hancinta bai taɓa mutuwa ba. Yana gamawa ya share fuska da hannun riga. Matarsa na sheshsheƙa a gefe. Ba zan ɓoye ba, ni da na tashi da tsanarsa, sai da na ji wani abu ya taɓa mini zuciya, don tsoho ne, kuma ya yi kama da hoton kakana.

Baffa ya kai tafin hannu bayan kunne, ya dubi jama'a.

"Me ya ce?"

Kowa ya juyo yana kallon Umma. Mai gyaran agogo ya ɗan girgiza mata kai, alamar ya isa haka. Matar Kawu ta haɗa hannuwa. Shi kansa Kawu ya ɗago ido ya dube ta, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

Umma ta gyara mayafinta.

"Yaya, Baffa bai ji ba. Matsa kusa da shi, ka ɗaga murya. Ka fara daga tagar."